Abin da ka iya, naka ne ko ajiya ce?

  

Yau tambaya ɗaya na zo da ita. Kowa a cikinmu ya iya wani abu. Wani ya iya ginin rumbu. Wani ya iya ɗori. Wata ta iya karɓar haihuwa. Kai kuma ga shi yanzu ka iya haɗa baƙaƙe, har kana karanta wannan magana da kanka. To, wannan abin da ka iya, naka ne kamar akuyarka, in ka so ka sayar, in ka so ka yanka? Ko kuwa ajiya ce aka ba ka, wadda wata rana za a tambaye ka inda ka kai ta?

Kada ka yi gaggawar amsawa. Bari in ba ka labarin wani makaɗi na ƙasarmu tukuna. Na san wani zai ce: mushe, mu da muka zo neman karatu, me ya haɗa mu da makaɗi? Ka yi haƙuri. Hukuncin kiɗa na bar wa malamai, su suka san littafi. Ni halin mutumin nake so mu duba, don shi ma malamin makaranta ne kamata.

Malamin da ya ɗauki gurumi

Sunansa Malam Maman Barka. An haife shi a Tesker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Iyayensa Tubawa ne, mutanen daji masu kiwo. Ya shiga lakwal, ya yi karatu, har ya zama malami yana koya wa yara.

Amma ban da alli, hannunsa ya iya wani abu. Ya iya kiɗan gurumi. Ka san gurumi: ƴar ƙwarya ce da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu. Da wannan ɗan abu yake tsara waƙoƙinsa da kansa, da Hausa da wasu harsunan ƙasarmu. Sunansa ya kai ko'ina cikin Nijar, har ya ƙetara Nijeriya. Daga baya ya yi aiki a Yamai, a cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. A can ana koya wa matasa kiɗa, ana kuma adana kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasa.

Mutum ke nan da ya samu suna, ya samu aiki, ya haura shekara 40. In da ni ne ko kai, sai mu ce mun iso, a shimfiɗa tabarma a huta. Shi kuwa a lokacin ne ya koma ɗan koyo.

Tsohon da ya saura shi kaɗai

Can gabas, a bakin Tafkin Chadi, akwai wasu mutane da ake kira Buduma. Masunta ne, masu zama cikin tsibirai, suna kuma kiwon shanu. Suna da wani abin kiɗa nasu mai suna biram. Tsirkiyarsa biyar. Jikinsa na itace ne, an sassaƙa shi kamar kwalekwale, an rufe da fata. A wurinsu ba abin wasa ba ne. Abu ne mai alfarma, da shi suke rera waƙoƙin kakanninsu.

Zamani ya juya. Farin shekarun 1970 da na 1980, wanda ya taɓa mu a nan Adar, ya taɓa su su ma. Tafkin ya janye ƙwarai, zaman mutane ya canza. Masu kiɗan biram suka yi ta raguwa, har aka wayi gari gwani ɗaya ya saura, wani dattijo mai suna Bukar Tar.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Abin da kakanni suka yi ta miƙa wa jikoki shekara da shekaru, ya taru a cikin yatsun tsoho ɗaya. Ranar da aka kai shi kushewa, da shi za a rufe.

A 2002 Malam Maman Barka ya ɗauri niyyar koyon biram. Hukumar duniya mai kula da ilimi da al'adu, wadda ake kira UNESCO, ta taimaka masa da guzuri. Ita ce hukumar da ta keɓe ranar 8 ga Satumba ta zama ranar yaƙi da jahilci, wadda muke biki kowace shekara. Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Yamai zuwa Gigimi, garin da ke kusa da tafkin, kusan kilomita 1500 ne, ta babbar hanyar nan da ta ratsa Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Damagaram.

Ya je, ya zauna gaban Bukar Tar, ya koya. Bayan ƴan shekaru Allah ya yi wa dattijon rasuwa, biram ya saura a hannun almajirinsa. Malam Maman Barka bai ɓoye shi cikin ɗaki ba. Ya kaɗa shi a gida, ya kai shi ƙasashen waje, tare da abokin aikinsa Umaru Adamu mai kiɗan kalangu da ƙwarya. A 2009 aka fitar da faifansu a Ingila. Shi ma ya cika a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansu duka.

Mutum biyu, hali biyu

A cikin wannan labari mutum biyu ne suka yi abin kirki, kuma in da ɗaya ya ƙi, da na ɗayan bai yi amfani ba.

Na farko, almajirin. Shi ne ɗan boko, shi ne mai suna, shi ake ji a rediyo. Amma ya sauke girman kai, ya zauna ƙasa gaban masunci. Wanda ya saba a tafa masa ya yarda a ce masa: ba haka ba, sake.

Na biyu, malamin. Wanda ya zo masa ba ɗansa ba ne, ba ma ɗan ƙabilarsa ba ne. Yana iya cewa: wannan gadon Buduma ne, ba na baƙo ba. Bai ce ba. Ya buɗe hannu.

Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Allah shi ne ya ba da sani. Mai sani guga ne kawai. Amma na san zuciyarka tana da abin cewa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Bari mu ɗauko maganganun ɗaya bayan ɗaya.

"In na koya wa wani, ya ƙwace mini abinci"

Wannan magana tana da nauyi. Maɗori da ɗorinsa yake ciyar da gidansa. In maɗora suka zama biyar a gari ɗaya, rabon kowa ya ragu. Mun kuma ga yaran da suka koyi sana'a, suka buɗe rumfa dab da ta maigidansu, ko gaisuwa babu.

To, amma ka dubi manomi. In ya girbe gero, damman nasa ne. Ya ci, ya sayar, ya yi kyauta, ba mai tuhumarsa. Sai dai akwai wani kashi da ba ya taɓawa ko yunwa ta matsa, wato iri. Waɗanda suka ga yunwar 1984 sun san baƙin cikin gidan da tilas ta sa ya cinye irinsa. Ruwa ya sauka, gona ta jiƙa, ba abin shukawa.

Haka sani yake. Abin da sana'arka ta kawo maka, kuɗi ne, hatsi ne, girma ne, naka ne halal. Ba wanda ya ce ka koyar a banza. Ɗan koyo ya yi maka hidima, ya ɗauki kaya, ya hura zugazugi, ya biya abin da aka yi alkawari. Amma ita sana'ar kanta iri ce. Ba kai ka ƙirƙiro ta ba. Wani ya ba ka, shi ma wani ya ba shi. Ba ka da ikon cinye ta.

Ga amsata ke nan ga tambayar da muka fara da ita: amfanin naka ne, irin ajiya ne.

"Gadon gidanmu ne, ba a ba bare"

Wannan ma ba maganar banza ba ce. Gado yana riƙe zumunta, yana sa ɗa ya san ubansa. In ɗanka yana so, shi ya fi cancanta.

Amma ka dubi garuruwanmu da rani. Daga Garhanga har Keita da Buza, samari nawa ke gida? Wasu suna Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, wajen bida. Tsoho yana jiran ɗansa ya komo ya karɓi gado, ɗan kuwa hankalinsa yana wani wuri. Ga ɗan maƙwabci kullum yana raɓe a bakin ƙofa yana kallo, an ce masa ba gidanku ba ne. Wane ne ya fi: irin da aka shuka a gonar maƙwabci, ko wanda ƙwari suka cinye cikin rumbunka?

Ban ce ka ba kowa ba. Mai magani ba ya damƙa saiwa mai ƙarfi ga yaro marar hankali, ko ga mayaudari. Zaɓen wanda za a ba ajiya yana cikin riƙon amana. Ka gwada haƙurinsa, ka gwada gaskiyarsa. Abin da ba shi da kyau shi ne ka yi ta gwaji har mutuwa ta riske ka ba ka zaɓi kowa ba.

Shi ma mai karɓa akwai haƙƙi a wuyansa. Kada ya ce shi ya haifi kansa. Yau ni da kai a nan Adar mun san sunan Bukar Tar, masuncin da ba mu taɓa gani ba. Ta bakin wa muka sani? Ta dalilin almajirinsa. Ashe wanda ya koyar bai ragu ba, sunansa ne ya yi tafiyar da ƙafarsa ba ta yi ba.

"Baiwa ce, ba a koyonta"

Wani zai ce gwaninta daga Allah take, wanda aka ba an ba shi. Zai ma kawo misali da Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, daga arewa wajen Abalak. Yana yaro ba shi da jita, sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Ya yi ta fama shi kaɗai har duniya ta san shi.

Gaskiya ne baiwa daga Allah take. Amma shi ma sai da ya ga wani babba, marigayi Abdalla Umbadugu na ƙasar Agadas, yana kaɗa jita a gaban jama'a, sannan sha'awar ta kama shi. Baiwa kamar ƙasa mai kyau ce. Kome kyanta, in ba a jefa mata iri ba, sai ciyawa.

"Na tsufa"

Wannan ita na fi ji a makarantarmu. Sai a ce mini: mushe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kuwa in ce: gemu ba ya hana ilimi. Malam Maman Barka ya wuce 40 lokacin da yatsunsa, waɗanda suka saba da tsirkiya biyu, suka fara koyon biyar. Ba tsufa ne ya fi hana mu ba. Kunya ce. Muna tsoron yara su ji muna tuntuɓe a kan "ba, bi, bu". To, kunyar wata uku ta fi sauƙi bisa ga ta dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba har ƙarshen rayuwa.

Abin da takarda ke yi

Yanzu bari mu leƙa waje kaɗan. Jita tana da tsirkiya shida. A ƙasashen Turai akwai masu kaɗa ta su kaɗai, a zaune, ba waƙa ba ganga, jama'a su yi tsit suna saurare. Waɗannan makaɗa suna da wata dabara: suna rubuta kiɗa. Sukan ja layi biyar a takarda, su ɗiɗɗiga alamomi a kai. Kowace alama tana faɗin sautin da za a fitar da tsawon da zai yi.

Wani gwaninsu ɗan ƙasar Sifen, mai suna Francisco Tarrega, ya mutu tun 1909. Har yau ɗalibai a ƙasashe da yawa suna buɗe takarda su kaɗa abin da ya tsara, sauti bayan sauti. Wani kuma, Leo Brouwer, an haife shi a ƙasar Kuba a 1939. Ya tsara manyan kiɗe-kiɗe da sai ƙwararru ke iya kaɗawa. Amma ya zauna ya tsara wasu gajeru masu sauƙi musamman don ƴan koyo, don yatsunsu su saba sannu a hankali. Babban gwani bai ga ƙasƙanci ba ne ya yi wa mai rarrafe tsani.

Takarda ba ta maye gurbin malami. Ba za ta kama hannunka ta gyara maka riƙo ba. Amma in malami ya tafi, tana riƙe abin da ya faɗa. Bukar Tar sai da aka yi tafiya mai nisa aka same shi da rai. Tarrega kuwa ya fi shekara 100 a ƙasa, ana koyo daga gare shi. Bambancin ba na hankali ba ne. Ɗaya an rubuta nasa, ɗaya ba a rubuta ba.

Wannan makami yanzu yana hannunka.

Laifina ni kaina

Kada ka ce ina wa'azi daga kan tudu. Ni ma na yi asara, kuma da hannuna.

Ina da kawu, mahaƙin rijiya. Bai san ko baƙi ɗaya ba. Amma in aka kira shi, sai ya zaga fili da sassafe, ya dubi itatuwa, ya dubi suri, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya ce a haƙa nan. Da wuya ya kuskure. Lokacin da nake makarantar horon malamai, in na zo hutu, sai ya ce mini: ɗana, zo mu zaga, in nuna maka. Ni kuwa ina da takalmi da agogo. Ina ganin mai takarda ba ya bin mai diga. Kullum sai in ce: kawu, sai wani hutun.

Wani hutun ya zo, kawu ba ya nan.

Shekarun baya mutanen unguwarmu suka haɗa kuɗi don sabuwar rijiya. Aka haƙa wuri na farko, aka ci karo da dutse. Aka koma na biyu, aka yi gaba da yawa, ba ruwa. Kuɗi ya ƙare, ƙarfi ya ƙare, mata suka ci gaba da tafiya nesa da tulu. Ina tsaye a bakin ramin, wani dattijo ya dube ni ya ce: kai ba ka riƙe kome daga kawunka ba? Ban sami abin cewa ba. Ina da kaye da bik tun ina yaro, ban rubuta ko layi ɗaya daga bakinsa ba.

Ka gani, ba kullum guga ke hanawa ba. Wani lokaci guga yana cike, mai ƙishirwa ne ya ƙi miƙa hannu.

Abin da nake roƙonka

Ba sai ka je Tafkin Chadi ba. Kowane gari yana da nasa Bukar Tar. Akwai iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a aikin furoje Keita, wanda aka fara a 1984. Sun san yadda ake jera dutse a bi kwanciyar ƙasa don a tsai da ruwa, har fako ya koma gona. Furoje ya ƙare, sanin yana cikin kawunansu, su kuwa suna tsufa. Akwai mai gina rumbun da ke shekara da shekaru bai tsage ba. Akwai mai adana albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba. Akwai tsohon da ya san iyakar kowace gona da asalin kowace zuriya.

Abu uku nake roƙonka.

Na ɗaya, ka ɗauki kaye da bik, ka je wurin ɗaya daga cikinsu. Ka gaishe shi da ladabi, ka zauna ƙasa da shi. Ka ce: baba, na zo ka koya mini. Ka rubuta sunansa a saman shafi, da sunan wanda ya koya masa. Ko layi uku ka rubuta a rana, ya isa. Kada ka damu da kuskuren rubutu. Ka kawo makaranta mu gyara tare. Abin da ya ce asiri ne kada a bayyana, ka riƙe masa amana.

Na biyu, in kai ne mai sana'ar, ka dubi wanda ke yawan tsayawa yana kallonka. Ka kira shi tun kana da ƙarfin nuna masa.

Na uku, baƙaƙen nan da ka koya, su ma iri ne. Ba a ba ka don ka yi wa maƙwabci fahari ba. Matarka, ƙanenka, abokin hirarka, ka zaɓi ɗaya ka nuna masa yadda ake rubuta sunansa. Malamanmu sun sha gaya mana cewa ilimin da ake amfani da shi yana bin mai shi da lada har bayan ransa.

In ka yarda da maganata, ka gwada. In ba ka yarda ba, ka rubuto mana dalilinka da hannunka, mu karanta wa jama'a. Wannan ma karatu ne.

Allah ya ba mu haƙurin koyo, ya ba mu zuciyar koyarwa, ya sa kada mu tafi da ajiyar mutane. Amin.